Kwamfutar dala 85 da ta ci min dala 208 (zare)

1/ Jama'a, ku zo in ba ku labarin yadda na ci gwanjon kwamfuta a intanet a kan dala 85, na kwana ina murna, ƙarshe ta iso hannuna a kan dala 208 da ɗoriya. Ba wanda ya damfare ni. Lissafi ne ban yi ba. Ku karanta kafin ku danna tayi.

2/ Ina aji huɗu, aikin kammala digiri ya taso, tawa kwamfutar kuma sai an jona ta da wuta take numfashi. Umma ta ɗauki adashinta ta ba ni dubu 160, ta ce: "Ka nemi mai ƙwari, ka san ba ni da wasu." Wannan maganar ita ce ta fi damuna daga baya.

3/ Na zaga Beirut Road a Kano, irin wadda nake so ana cewa dubu 280. Na ce a raina wallahi mutanen nan zalunci suke. Na koma ɗaki, na shiga wani shafin gwanjo, na ga irinta sak a Amurka, an fara tayi daga ƙasa sosai. Kuɗin aikawa: dala 12.

4/ Ƙarfe uku na dare na ci gwanjon a dala 85. Na haɗa da 12, ya zama 97. A lokacin ina samun dala a 1,550, wato dubu 150 da ɗari uku da hamsin. Har canji zai rage min na data. Na tashi abokin ɗakina don kawai in yi masa gori.

5/ Da safe na gane dala 12 ɗin nan ta aikawa ce a cikin Amurka kawai. Mai kayan ya rubuta ba ya turawa ƙasashen waje. Rubutun yana nan tun farko, ni ne idona ya tsaya a kan farashi bai sauka ƙasa ba.

6/ Ga bambancin da ya kamata kowa ya sani. A kasuwarmu ka taya, a ce albarka, ka wuce abinka. A gwanjon intanet tayi alkawari ne. A eBay misali, in ka ci kana da kwana 4 ka biya, in ba ka biya ba mai kaya zai iya sokewa, a rubuta maka a asusunka.

7/ Sai na nemi masu kawo kaya daga Amurka, waɗanda ke ba ka adireshin sitonsu. Na samu wasu a Houston. Ina sa adireshin, sai ga ƙarin dala 8 na harajin sayayya, don a can Texas yana kai wa kashi 8.25 cikin ɗari. Mun koma 105.

8/ Daga baya na ji cewa akwai jihohin da ba su da wannan harajin, irin su Delaware da Oregon, shi ya sa wasu masu dakon ke ajiye sito a can. Da na sani, da tambayar farko da zan yi ita ce: sitonku a wace jiha yake?

9/ Bayan mako guda saƙo ya shigo: kayanka sun iso, kilo 8, kowane kilo dala 11, jimla dala 88. Na ce haba, kwamfuta da cajarta ba su kai kilo uku ba, ko injin niƙa aka sako min a ciki?

10/ A nan na koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Masu dakon jirgin sama ba nauyi kaɗai suke aunawa ba, har da wurin da kwali ya cinye. Tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita, a raba da 5,000. Tsakanin wannan da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya.

11/ Bawan Allahn nan, don kyautatawa, ya sa ta a ƙaton kwali mai 50 da 40 da 20, ya cika shi da takardu da soso kada ta fashe. 40,000 a raba da 5,000, kilo 8 ke nan. Wato fiye da rabin kuɗin dakon nan, iskar Amurka na saya.

12/ Ba a gama ba. Batirin kwamfuta na litiyam ne, yana cikin kayan da ake sa wa doka ta musamman a jirgin sama saboda yana iya kama wuta. Aka ƙara min dala 15. Lissafi: 85, 12, 8, 88, 15. Dala 208. Daga Legas zuwa Kano kuma wata dubu 15.

13/ Jimla naira 337,400. Wadda na raina a Beirut Road dubu 280 ce, kuma a can zan kunna ta, in danna kowane maɓalli, in ta ba da matsala in koma gobe in tsaya a kan mai shago. Araha ba ta ado, an faɗa, ni ne ban ji ba.

14/ Zaɓi biyu ya rage: in bar ta a sito in yi asarar dala 105, kuɗin ajiya kuma na shirin fara hawa, ko in nemo cikon. Na kira Yayana. Ya yi shiru, ya ce: "Kai da kake karatun lissafi?" Ya tura, da sharaɗin ni zan faɗa wa Umma da bakina.

15/ Na faɗa mata. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi: "Allah ya sa ta yi maka amfani." Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Har yanzu ina biyan Yaya kaɗan-kaɗan daga kuɗin da nake samu a koyar da yara da yamma.

16/ To ga ra'ayina. Lambar da kake gani a gwanjo ba farashi ba ce, kafin alƙalami ce. Farashi shi ne abin da ya fita daga aljihunka ranar da kaya suka shigo hannunka. Duk wanda bai san wannan jimlar ba kafin ya taya, caca yake yi.

17/ Masu ɗora hoton "na samu waya a dala 60" kuna cutar da ƙannenmu. Ku riƙa ɗora rasit ɗin dako ma. Rabin labari ne ya sa irina ke ganin duk ɗan kasuwar gida ɓarawo ne.

18/ Na kuma janye zagin da na yi wa 'yan kasuwarmu. Mai shago yana haɗo kwamfuta da yawa a kwali ɗaya, dakon kowace ya sauko. Ya biya kwastam, ya biya haya, ya ɗauki asarar wadda ta zo a mace. Ni da guda ɗaya tal nake son in fi shi araha?

19/ Wani zai ce shafukan ma suna da laifi, su ke sa farashi da manyan baƙaƙe, dako da ƙanana. Na yarda, ya kamata jimla ta fito fili tun kafin tayi. Amma shafi ba zai san girman kwalin da za a sa maka ba, ko nawa mai dakonka ke karɓa. Wannan tambayar taka ce.

20/ Ban ce a daina saye ba. Ƙaramin abu mai daraja wanda babu shi a nan, kamar wani ɓangaren na'ura ko madubin kyamara, yana iya fin sauƙi. Abu mai girma, ko mai batir, ko wanda ke cike a kasuwarmu, yawanci wahala ce kawai.

21/ Kafin ka taya: sa ainihin ƙasarka a shafin ka ga dakon gaskiya. Tambayi mai kaya nauyi da girman kwali, ka roƙe shi ya sa a ƙarami. Tambayi mai dako kuɗin kilo, kuɗin batir, kuɗin ajiya, da ko fito da kaya daga kwastam yana ciki.

22/ Kan kwastam: ana lissafa haraji ne a kan kuɗin kaya haɗe da inshora da dako, ga kuma VAT na kashi 7.5. A Satumban 2025 an sanar da yafe haraji ga ƙananan kaya da ba su wuce dala 300 ba, sau huɗu a shekara. Amma wannan bai rage maka ko sisi a dako ba.

23/ Sai ka tara duka, ka cire daga farashin kasuwar garinku. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinka. An wuce shi, ka rufe waya ka kwanta. Da na yi haka, da tayina bai wuce dala 48 ba, kuma da wani ne ya ci, ni na huta.

24/ Kwamfutar dai tana aiki, da ita nake rubuta wannan zaren, alhamdulillah. Kwalin kuma na ajiye shi a ƙarƙashin gado ina zuba takalma, tunda na biya kuɗinsa. Wanda irin haka ta taɓa faruwa da shi, nawa aka ce, nawa ka biya?