Idan Giyar Jif Ta Fara Zamewa, Kada Mu Yi Gaggawar Sauke Ta



Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Maiduguri a cikin garin Azare zai ga irin manyan motocin da muke hawa: Toyota Highlander ta farko, Lexus RX300, Honda Pilot, Nissan Pathfinder da tsofaffin 4Runner. Da yawansu sun haura shekara 15, wasu sun wuce 20. Sun gama aiki a Amurka ko Turai kafin su sauka a Kwatano ko Legas su iso hannunmu. Muna son su ne saboda tsayinsu, don su ke iya shiga yashin ƙauyukan Zaki da Gamawa da Itas. Kusan dukkansu kuwa giyarsu atomatik ce.

A unguwanni da ƙauyuka da yawa jif ɗin nan ta wuce motar mutum ɗaya. Ita ake bugawa ƙofa da tsakar dare a kai mai naƙuda babban asibitin tarayya na Azare, ita ke kai amarya, ita ke kai 'yan ta'aziyya. Ranar da ta kwanta, ba mai ita kaɗai ke jin jiki ba. Tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kuɗin kayan gyara ya yi tashin da jif ɗin da giyarta ta mutu sai ta shekara a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta.

Ra'ayinmu shi ne, da yawa daga cikin giyoyin da ake saukewa a garejinmu ba su kai ga mutuwa ba a ranar da suka fara ciwo. Gaggawa ce ke ƙarasa su, ta mai mota da ta mai gyara.

Mun san alamun. Ka taka totur, inji ya yi ta ƙugi, allurar zagayen inji ta hau sama, amma mota na tafiyar hawainiya. Ko ka sa giyar gaba ko ribas ta yi jim kafin ta kama, sannan ta kama da bugu. Wata kuma lafiya lau da safe, da ta yi zafi a hanyar Jama'are sai ta fara sakin jiki. Daga nan sai a ji hukunci tun kafin a buɗe bonet: "Alhaji, giyabos ta tafi, sai dai a aika Ƙofar Ruwa a kawo wata."

Kafin mu yarda da wannan hukunci, ya kamata mu san yadda abin yake aiki. A cikin giyar atomatik akwai faya-fayan kuloci jere, kuma ƙarfin matsin mai ne ke manne su su riƙe juna. Man giya shi ke matsa su, shi ke sanyaya su, shi ke hana su cin juna. Idan man ya ragu, ko ya ƙone, ko ba irin nata ba ne, matsi zai yi rauni, faya-fayan su riƙa gogar juna maimakon su kama. Wannan gogar ita ce zamewar da muke ji. Kowace kilomita da aka ƙara a haka tana cinye fatar faya-fayan. Don haka abu na farko shi ne a daina tafiya da ita. "Bari dai mu lallaɓa mu kai Fataskum" ya mayar da gyaran 'yan lita na mai ya zama sayen giya sukutum.

Daga nan a duba mai, kuma a duba shi yadda ya kamata. A Toyota da Lexus da Nissan masu sandar awo, mota ta yi ɗumi, ta tsaya a wuri mai daidai, inji na aiki, a taka birki a bi da hannun giya ta kowane matsayi a dawo fakin, sannan a zaro sandar. Honda ta bambanta: ana kashe inji ne a auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya auna ta hanyar da ba tata ba zai ga ƙarya, ya ƙara mai ya wuce layi, man ya yi kumfa, giya ta ƙara zamewa. A goga sandar a farin ƙyalle a duba. Ja mai haske lafiya ne. Ruwan ƙasa ya tsufa, yana son canji. Baƙi mai ƙauri yana nuna faya-fayan sun fara ƙonewa. Idan man ya ragu, a nemi inda yake yoyo, domin giya ba ta shan mai kamar tsohon inji. Ana yawan samun yoyon a gaskit ɗin tiren ƙasa, ko sil ɗin shaf, ko tiyon da ke kai mai lagireto.

Sai maganar irin man, kuma nan ne aka fi yi mana ɓarna. A wurin da yawanmu duk jan mai man giya ne. Ba haka ba ne. Highlander ta farko da RX300 suna shan T-IV, Toyota da Lexus na baya-bayansu da yawa suna shan WS. Honda tana da nata, Z1 a da, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Tsohuwar Nissan Murano kuwa giyarta CVT ce, bel na ƙarfe ke aiki a cikinta, kuma man giyar atomatik na gama-gari lalata ta yake yi. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awo ko a littafin motar. Man da aka auno daga jarka marar suna a bakin hanya ba wanda ya san abin da ke ciki, ga kuma jabu a cikin robobi masu kyan tambari. Araha ba ta ado. Gara a biya kuɗin lita huɗu na gaske a wurin dillalin da za a iya komawa a tuhume shi.

Masu Pathfinder da Xterra ƙirar 2005 zuwa 2010 su buɗe kunne. An san waɗannan motoci da wata matsala tun a Amurka: bututun da ke sanyaya man giya a cikin lagireto yakan fashe, ruwa ya gauraya da mai. Idan ka ga man ya zama kamar madarar da aka zuba wa jan kala, kada a sake tayar da motar, a ɗauko ta da janwe. Ruwa yana kwance fatar faya-fayan kuloci. Irin haka kan faru da kowace jif da aka kutsa da ita ruwa mai zurfi, don giya tana da ƙofar shan iska a samanta. Ba mu manta daminar 2024 ba, lokacin da ambaliya ta yanke wani sashe na titin Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Duk motar da ta ratsa ruwa ya kai cikinta, a duba man giyarta washegari.

Idan mai ya cika kuma yana da kyau amma giya na gardama, saura a tambayi kwamfutar motar. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da soket a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar bincike. Lambobin da suka fara da P07 galibi na giya ne. Sau da yawa abin da za su nuna shi ne na'urar auna gudu ta mutu, ko ɗaya daga cikin ƙananan bawul masu aiki da lantarki ya maƙale, ko ɓera ya ci waya. Irin wannan kan sa mota ta kulle kanta a giya ɗaya don kare kanta, mai ita ya ɗauka ta mutu. Kuɗin gyaransa bai kama ƙafar kuɗin giya ba. Abin takaici, har yanzu akwai masu cire ƙwan fitilar gargaɗi don kada ta dame su, kamar mai zazzaɓi ya fasa ma'aunin zafi ya ce ya warke.

Mu kuma masu tuƙi akwai namu kason. A watannin Afrilu da Mayu zafin Azare yakan wuce digiri 40, kuma zafi ne babban makashin man giya. Jif ta cika da mutane, an ɗora buhunan gero a baya, ta kafe a yashi, direba na ta gaba da ribas yana taka totur har ƙauri ya tashi. Minti kaɗan na wannan ya isa ya dafa mai. A cikin yashi a sa ƙaramar giya, a rage iskar taya kaɗan, idan ta kafe a sauka a tona a tura. A tsaya cak kafin a juya daga gaba zuwa ribas. A daina zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, yana cin ƙarfe daga ciki. Kuma a riƙa juye man giya kafin ya yi baƙi, kamar yadda ba ma wasa da juyen baƙin mai.

Mun san abin da 'yan uwanmu makanikai za su ce, kuma suna da hujja. Buɗe giyar atomatik yana son tsabta da kayan aiki, ga ƙura ga iska a gareji, ga mai mota tsaye a kanka yana son motarsa gobe. Sauke tsohuwa a ɗora wata ya fi sauƙi. Gaskiya ne kuma akwai giyar da ta mutu da gaske: idan an kwance tiren ƙasa aka tarar da ɓurɓushin ƙarfe da baƙin gari, sabon mai ba zai dawo da fatar da ta cinye ba. Amma giyar da ake kawowa daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo ita ma tsohuwa ce, ba wanda ya san tafiyar da ta yi. Idan ya zama dole a saya, a tabbatar lambarta ta dace da motar, a karɓi alkawarin kwanakin gwaji a rubuce, a wanke bututun sanyaya mai kafin a ɗaura. In ba haka ba dattin tsohuwar zai kashe sabuwar. Roƙonmu ga oga a gareji kaɗan ne: ka nuna wa mai mota man, ka nuna masa lambar da kwamfuta ta bayar, sannan ka yanke hukunci.

Akwai kuma maganar amana. Mutum ya ga giyarsa ta fara zamewa, sai ya zuba mata mai mai kauri ko wani sinadari ta yi shiru na mako biyu, ya kai ta kasuwa ya sayar wa ɗan uwansa da ya shekara yana tara kuɗi. Wannan algus ne, kuma addininmu ya hana ɓoye aibin kayan sayarwa. Mai saye shi ma ya taimaki kansa: ya zaro sandar awo ya sunsuna, ya tuƙa motar har ta yi zafi sosai, ya sa a jona mata kwamfuta kafin ya biya.

Shawararmu ga ƙungiyoyin ci gaban ƙasar Katagum da masu hali a cikinmu ita ce a ɗauki nauyin wasu matasanmu su je Kano ko Kaduna su koyi gyaran giyar atomatik da lantarkin mota da kyau, a saya musu na'urar bincike, a samar musu rufaffen ɗaki mai tsabta a Azare. Kuɗin da muke turawa waje kan giyoyin da ba mu san tarihinsu ba zai zauna a gida, yaranmu su samu sana'a, motocinmu su daɗe. Masu ilimin wannan aiki a cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku.

Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa wa abin hawanmu albarka. Amin.