Hawan Dala Ba Sai Ranar Takutaha Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yake gaban idonmu kullum amma muka yi ko oho da shi, wato hanyoyin tafiyar ƙafa da Allah ya hore wa birnin Kano, da lokacin da ya dace a bi kowacce a cikin shekara.

Abin da ya jawo wannan rubutu shi ne, a hunturun da ya wuce na je ganin likita saboda ciwon kai da ya dame ni. Da ya gwada ni sai ya ce jinina ya fara hawa, lalle in riƙa tafiyar ƙafa ta kamar rabin sa'a a kullum. Na ce masa, "Likita, a garin nan ina mutum zai taka? Ka sauka titi adaidaita sahu ya kwashe ka, ka shiga lungu kwata ta tare ka." Sai ya tambaye ni unguwarmu, na ce Sheshe. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, kana Sheshe kake tambayar inda za ka taka? Ina ka bar Dala?" Wallahi kunya ta kama ni, domin da na yi lissafi sai na ga na fi shekara ashirin rabona da hawa dutsen nan.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na kama hannun ɗana mai shekara goma sha ɗaya, wanda bai taɓa hawa ba. Muka ratsa ta Kurmi tun ba a buɗe rumfuna ba, muka haye Jakara, muka bi ta Madabo har gindin dutsen. Ba dogon dutse ba ne, amma matakalarsa ta tona mini asiri, don sau uku ina tsayawa ina haki, yaron kuwa tuni ya kai sama yana jirana. Da na iso na nuna masa hasumiyoyin babban masallacin Juma'a da Gidan Rumfa ta kudu maso gabas, na nuna masa Goron Dutse ta kudu maso yamma. Sai ya ce, "Baba, to ina badalar da kake cewa ta kewaye gari?" Na duba gabas na duba yamma, sai rufin kwano iya ganina. Abin da kakana ya nuna mini da sandarsa daga wannan wuri, ni na kasa nuna wa ɗana. A nan na fahimci cewa maganar ta wuce ta hawan jinina.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wurin da ƙafafun mutanen kirki suka daina takawa, to ya zama marar mai shi, kuma abin da ba shi da mai shi ba ya daɗewa. Idan muna son Dala da Goron Dutse da abin da ya rage na ganuwa su kai ga jikokinmu, hanya mafi sauƙi kuma mafi arha ita ce mu koma muna bin su da ƙafa, a kai a kai, kowanne a lokacinsa.

Hanyoyin nan uku ne, duk kusa suke da mazaunin cikin gari. Ta farko Dala, wanda masu binciken kayan tarihi suka samu alamun ƙira da narkar da tama a kewayensa tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. A kansa ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya tsaya a watan Fabrairu na 1851 ya zana taswirar yadda garin yake, a lokacin da gonaki da fili suke da yawa a cikin ganuwa. Ta biyu Goron Dutse, inda ma'ajiyar ruwan famfo take. Ta uku ita ce gindin ganuwa, wadda Tarihin Kano ya nuna Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134) ne ya fara ta, Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, aka kuma ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Nazaki a ƙarni na 17. Mai son doguwar tafiya yana iya tasowa daga Ƙofar Na'isa, ya bi ta Gadon Ƙaya, ya wuce Dukawuya, ya kai Kabuga, wajen da sojojin Turawa suka shigo gari a watan Fabrairu na 1903. A wannan tafiya kaɗai yaro zai koyi tarihin da zai daɗe bai manta ba, domin gani ya kori ji.

To amma kowace hanya da lokacinta, kuma wanda bai san wannan ba zai fita sau ɗaya ya sha wuya ya rantse ba zai sake ba. Mafi daɗin lokaci shi ne kaka, daga Oktoba zuwa Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta tsane, ƙura ba ta taso ba, sararin sama garau, mutum yana kan Dala yana hango nesa. Wannan ne lokacin hawa duwatsun biyu da yara da baƙi. Idan hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo yakan rufe gari har a tsaya a kan Dala a kasa ganin Goron Dutse sosai, saboda haka hange ba ya daɗi. Amma sanyin lokacin shi ya fi dacewa da doguwar tafiyar gindin ganuwa, sai dai mai ciwon asma ko tari ya rufe hancinsa, ya kuma bari sai hantsi ya yi. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 da rana, don haka ba a hawa sai tsakanin asuba da fitowar rana, da gorar ruwa a hannu. Wanda ya hau Dala da azahar a watan Afrilu ya zalunci kansa.

Damina kuwa, musamman watan Agusta, ita ce lokacin da gari ya fi kyau daga sama, itatuwa sun yi kore shar. Amma ita ce kuma lokacin da ya fi bukatar hattara. Ƙasa tana santsi, ruwa yana zaizayar gefen dutsen, kududdufan da ke kusa da ganuwa sun cika sun batse. A wannan lokaci a tsaya a kan matakala kawai, kada a yi ratse, kada kuma a saki hannun yaro. Ita ganuwa ma, ina roƙon duk wanda ya karɓi shawarata, a gindinta ake bi, ba a hawa kanta. Ginin ƙasa ce, kowace ƙafa tana rage ta, balle idan ta jiƙe. A da can aikin gayya ake yi mata ana yaɓe inda ruwa ya ci. Yanzu da babu mai yaɓe, mafi ƙarancin abin da za mu yi mata shi ne kada mu ƙara mata rauni.

Na san wani zai ce ai Kanawa ba su bar hawan Dala ba, ga Takutaha nan, mako guda bayan Mauludi, ranar da dutsen yake cika maƙil. Haka ne. Ba zan shiga saɓanin da malamai suke yi a kan asalin wannan rana da hukuncinta ba, wannan fage ne na masu shi. Abin da nake cewa kawai shi ne, rana ɗaya a shekara ba ta riƙe wuri. Sannan ita ranar da kalandar Hijira take tafiya, wadda take gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11 a kowace shekara. Shi ya sa a 2006 Mauludi ya zo a tsakiyar zafin Afrilu, a ƙarshen 2015 ya zo cikin sanyin Disamba, a 2025 kuma ya zo a Satumba ruwa bai ɗauke ba. Ka ga ke nan taron dubban mutane yana iya faɗawa a lokacin da dutsen ya fi rauni. Su hau rana ɗaya cikin turereniya, su sauka su bar ledoji, sauran kwanakin shekara kuma a bar wurin ga awaki da masu neman maɓoya.

Wani kuma zai ce, yaya mai rubutu a kan addini zai kira mutane zuwa dutsen Barbushe da Tsumburbura, inda aka yi bautar da ba ta Allah ba? Amsata ita ce, dutse halittar Allah ne, ba shi da laifin abin da aka aikata a kansa. Ba ma hawa don neman tabarruki, ba ma ɗaukar ƙasarsa don magani, duk wanda ya yi haka ya kauce. Muna hawa ne don lafiyar jiki da kuma lura. Alƙur'ani ya kwaɗaitar da mu a wurare da dama mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen mutanen da suka gabace mu ya kasance. Ina wurin da ya fi kan Dala dacewa da wannan lura ga Bakano? Kana tsaye a inda aka yi tsafi, a ƙasanka ga Madabo, unguwar malaman Wangarawa da suka zo da addini a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385), kuma idan lokacin salla ya yi za ka ji kiran salla yana tasowa ta kowace kusurwa. Ita kanta tafiyar ƙafa ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan ziyarci masallacin Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci a kan abin hawa.

Uzuri na uku shi ne mafi ƙarfi, kuma ba zan raina shi ba: tsoron 'yan daba da masu shaye-shaye da ƙwacen waya. Ni ma a ranar da muka hau na ga samari biyu a wani lungu na dutsen waɗanda idanunsu ba su kwantar mini da hankali ba, na kuma ga bola da ƙazanta a inda bai kamata ba. Amma mu tambayi kanmu, wa ya bar musu wurin? Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Da a ce kowace Asabar dattawa goma daga masallacin unguwa suna hawa tare, malamin Islamiyya yana kawo ɗalibansa sau ɗaya a zango, da mai neman maɓoya ya nemi wani wurin. Har ila yau, mutumin da yake bin gindin ganuwa duk mako shi zai fara ganin inda aka soma ɗibar ƙasa da dare, ko inda aka kafa harsashin shago, ya kai magana ga mai unguwa tun abin bai yi nisa ba. Wanda yake wucewa a mota ba ya ganin komai sai an gama.

Ba mu rasa takardu ba. Tun 2007 aka sa ganuwar Kano da Dala da Kurmi da gidan Sarki a jerin wuraren da Najeriya take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, wasu tsofaffin ƙyauren ƙofofin kuma suna ajiye a Gidan Makama. Amma takarda ba ta gadi. A birnin Xi'an na ƙasar Sin, ganuwarsu mai tsawon kusan kilomita 14 tana nan tsaye, jama'a suna zagaya ta a ƙafa da keke. Tasu ta tubali ce tamu ta ƙasa, na yarda, amma babban bambancin shi ne su suna amfani da tasu, don haka suke ganin darajar kashe mata kuɗi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ga hukuma: a gyara matakala inda ta karye, a sa kwandon shara, a sa masu gadi, a hana gini a jikin ganuwa ko na wane ne. Ga mu jama'a kuwa, kada mu jira hukuma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato rabin sa'a sau biyar. Mu ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin nan mu ba Dala ko Goron Dutse ko gindin badala. A fita cikin jama'a, da shiga ta mutunci, a yi wa mutanen unguwa sallama, kada a leƙa gidajen da ke ƙasa ko a ɗauki hotonsu, domin tsayin dutse bai halatta ganin tsiraicin maƙwabci ba. Kowa ya riƙo leda ya sauko da sharar da ya tarar.

Ni dai na ci gaba da fita, yanzu sau ɗaya nake tsayawa a matakala maimakon uku, maƙwabtana biyu kuma sun fara bina. Na yi wa ɗana alkawari idan Allah ya kai mu hunturu mai zuwa za mu taka daga Na'isa zuwa Kabuga, in nuna masa badalar da ya tambaya, ya taɓa ta da hannunsa tun tana nan. Ina fata kai ma mai karatu za ka yi wa naka irin wannan alkawari.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya zaunar da garinmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.