Ƙaramar Caca, Babbar Asara

Fataken da ke shigowa Akra da albasa, goro ko dabbobi ta iyakokin Paga da Aflao sun san zaman dare a Nima, Maamobi da Kotobabi. An sayar da kaya, mota ba za ta tashi ba sai gobe, sai wani ya fito da karta ya ce a taɓa ta sidi biyar-biyar don rage dare. Wasu kuma sun koyi foka, kartar Turawan nan da ake bugawa a gidajen caca masu lasisi.

Idan gari ya waye, wanda aka cinye yakan zauna yana lissafin kurakuransa: ya ƙara kuɗi lokacin da ya kamata ya ajiye kati, fushi ya ɗebe shi, ya bi asara don ya rama. Gaskiya ne a foka akwai gwaninta. Amma a ra'ayin wannan jarida, babban kuskuren an tafka shi tun kafin a raba kati, wato lokacin da aka kwance jari aka kai shi teburi.

Mu yi lissafi irin na kasuwa. A ce mutum shida sun zauna, kowa da sidi 100, jimla 600. Mai wurin yana cire la'adar sidi 2 a kowane zagaye. In an yi zagaye 100 kafin asuba, ya kwashe 200, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ba tare da ya riƙe kati ba. Ragowar 400 ɗin ce mutum shida ke kokawa a kai. Wane ɗan kasuwa ne zai sayi haja da irin wannan faɗuwa?

Abin takaicin ma shi ne sau da yawa kuɗin ba na mai wasan ba ne. Na manomin da ya ba da albasa bashi a Galmi ne, ko na adashi, ko saƙon wani zuwa gida. Kasuwancinmu a kan amana ya ginu, kuma mai masauki da dillali ba sa mantawa da wanda ya zo da labari maimakon kuɗi.

Kada kowa ya jira gwamnati ta tsare masa aljihu. Dokar caca ta Gana ta 2006 ta kafa hukumar ba da lasisi, ta kuma hana 'yan ƙasa da shekara 18 shiga. Harajin kashi 10 cikin 100 da aka ɗora wa abin da ɗan caca ya ci a 2023, an soke shi a 2025. Shi kuwa addini, hukuncinsa a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma bai ware ƙaramar caca ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan zango, limamai da shugabannin kasuwa da su hana wannan zama a masaukan baƙi. Fatake kuma, da zarar an biya ku, ku zuba kuɗin a banki ko ku tura wa masu shi ta waya kafin magariba. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne. Allah Ya sa albarka a nemanmu.