Wa Ya Ce Shirme Ne?

Tun da aka nuna Murder Mystery a gidan kallon unguwarmu, wasu ke ta cewa shirme ne, wai ina ruwan mai gyaran gashi da binciken kisa? Mu kam ba mu yarda ba.

Fim ɗin na 2019 ne. Adam Sandler da Jennifer Aniston miji da mata ne, sun baro Amurka zuwa Turai hutu, aka gayyace su jirgin ruwan wani attajiri, sai ga attajirin an kashe shi. Ga dangi zaune, kowa na haɗiyar yawu kan gado, amma ’yan sanda suka kafa wa baƙin nan biyu ido.

Jama’ar Sabo, wannan bai tuna muku komai ba? In abu ya ɓata a kasuwa, wa ake fara nunawa in ba Bahaushe ba?

Ku sha dariyarku, amma ku lura: hujja suka yi ta tarawa har gaskiya ta yi halinta. Mu ma in an kama yaronmu, a sanar da Sarkin Hausawa, a nemo shaidu, a daina baza jita-jita a WhatsApp.