Allon Shago: Mu Daina Biya A Duhu, Mu Nemi Takarda



Daga Agege zuwa Idi-Araba kukan ɗaya ne: wasu su zo su cire allon shago, su ce sai an biya tara, babu rasit. Mu kuma mu lallaɓa mu biya, wai a zauna lafiya. Shirun nan namu ne yake dawo da su gobe.

Tun 2006 LASAA ce hukumar da doka ta ɗora wa kula da alluna a jihar nan. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuwa ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba sai ya faɗi dalili ba, kuma a amsa masa cikin kwana 7. A 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar dokar ta hau kan jihohi ma.

Don haka mu rubuta da sunan ƙungiya, mu tambaya: nawa ne kuɗin allo a hukumance? Alluna nawa aka cire bana a kowace unguwa? Su wa aka ba izinin karɓar kuɗi?

Masu cewa baƙo ba ya ja da gwamnati, ku tuna 'yan ƙasa ne mu, haraji muke biya. Duk wanda aka cire wa allo ya kawo wa sakatare kwanan wata da hoto.