Olsa: mu daina sha wa ciwon da ba mu auna ba magani



Daga Maraɗi zuwa Damagaram, Tawa har Yamai, da wuya ka zauna a fada ba ka ji mai cewa "ina da olsa" ba. Ƙwannafi, kumburin ciki, yawan gyatsa, zafi a ƙahon zuci, loma uku mutum ya ji ya ƙoshi. Mu kuma mun riga mun yanke hukunci: wai yunwa ce, ko tonka, ko tunani. Sai a jiƙa kanwa, a sha madara, a sayi omeprazole wajen mai tallar magani. Ciwon ya lafa sati biyu, ya dawo. Haka wani zai shekara goma.

To, mu gaya wa juna gaskiya. Sau da yawa akwai ƙwayar cuta a ƙarƙashin wannan wahala, sunanta Helicobacter pylori. Likitoci biyu ƴan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ta a 1982. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya ɗaga ƙwayar ya shanye a 1984, cikinsa ya kamu. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Ƙwayar tana laɓewa cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi, tana fitar da sinadarin da ke kare ta daga ruwan tsamin ciki. Bangon ya yi ta kumbura, har tsamin ya ci shi ya zama gyambo. Galibi tun ana yara ake ɗaukarta, ta yawu, gurɓataccen ruwa da hannun da ba a wanke ba bayan an zaga. Wajen rabin mutanen duniya na ɗauke da ita, mafi yawansu ba sa jin komai. Amma tun 1994 hukumar binciken daji ta OMS ta sa ta cikin abubuwan da ke jawo dajin tumbi.

Shi ya sa muke cewa wanda ciwo ya daɗe masa ya je wajen majo ko likita ya nemi awo. Ana gane ta a bayan gida, ko a numfashi, ko da na'urar leƙa ciki. A faɗa wa likita in ana shan omeprazole, don yana ɓoye ta a awo. In an same ta, magani na kwana 10 zuwa 14 ne: kala biyu ko fiye na kashe ƙwayoyin cuta, haɗe da mai rage tsami. A shanye shi duka. Wanda ya tsaya a kwana huɗu don ya ji sauƙi, ƙarfi ya ƙara mata.

Kada kuma mu ruga mu sayi amoxicilline da ka. Ba kowane ɓacin ciki ne nata ba, wani ma ko an kashe ta ƙwannafin bai barinsa. Diclofenac da ibuprofène da muke haɗiya don gajiyar gona su ma suna huda ciki.

Mun san awo kuɗi ne, kuma ba kowane CSI ke yinsa ba. A nan muke kira ga hukumomin lafiya su kawo shi kusa da talaka. Amma mu lissafa jikkunan da muke zubarwa shekara da shekaru a maganin bakin hanya.

Wanda ya ga baƙin bayan gida, ko aman jini, ko rama ba dalili, ko abinci na maƙale masa, kada ya kwana, ya nufi asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Ku tura wa wanda kuka san yana fama.