Lambun Gida: Yadda Furen Wardi Zai Tsallake Bazara

Kowace shekara, wajen ƙarshen Disamba, 'yan'uwanmu da ke aiki a Jos ko Kaduna sukan dawo gida Zuru hutu, waɗansunsu da tsarabar dashen wardi a cikin baƙar leda. Uwargida ta yi murna, a tona ɗan rami a bakin ƙofa, a dasa. Ya ba da fure ɗaya ko biyu cikin Janairu, maƙwabta su zo kallo. Kafin Afrilu ya ƙare, ba abin da ya rage sai busasshen tsinke mai ƙaya. Daga nan sai a ce, "Ai wardi ba ya yi a ƙasarmu." Ni ma na taɓa faɗin haka, bayan na yi hasarar guda uku a bayan ɗakina a Rikoto cikin rani ɗaya. Daga baya na gane ƙasa ba ta da laifi. Wardin da zai tsallake bazara, tun da damina ake shirya shi.

Bari mu fara sanin halin baƙon namu. Wardi ɗan ƙasashen sanyi ne: Asiya, da Turai, da Amurka ta Arewa. A Afirka kudu da Sahara, sai a kan duwatsun Habasha yake fitowa don kansa. Ƙasar Kenya tana sayar wa Turai wardi mai yawan gaske, amma a tuddai ake nomansa, kamar kewayen tafkin Naibasha, inda dare yake da sanyi. Haka Jos, wadda tsayinta ya kai wajen mita 1,200 bisa teku. Mu kuwa a Zuru muna ƙasa da haka nesa, zafin Maris da Afrilu kuma yakan kai awo 40. Saboda haka abin da ya yi kyau a lambun Jos ba lalle ne ya jure a nan ba.

Abu na fari ke nan, a zaɓi iri. Manyan furannin nan masu dogon wuya da muke gani a katin gaisuwa, asalinsu auratayya ce da aka yi tsakanin wardin Turai da na ƙasar Sin. Wanda ake ɗauka shi ne na farkonsu, mai suna La France, a Faransa aka fito da shi a 1867. Suna da kyau, amma suna da raki. Wanda ya fi dacewa da mu shi ne mai ƙananan furanni ja ko ruwan hoda, masu fitowa a dunƙule, irin wanda akan tarar a tsofaffin gidaje. In ka ga wanda ya shekara uku ko huɗu a gidan maƙwabci yana nan da ransa, to, ya riga ya ci jarrabawa. Roƙi reshe daga jikinsa. Da ma an ce, da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda ake kafa reshen. Cikin Yuni, sa'ad da ruwa ya zauna, yanki reshen da bai daɗe da zubar da furensa ba, mai kaurin fensir, tsawonsa kamar santimita 20. Cire ganyen ƙasa, ka bar biyu a sama. Cika leda da yashi da baƙar ƙasa rabi da rabi, ka huda gindinta, ka soka reshen har kashi biyu cikin uku ya nutse. Ajiye shi a inuwa, ƙasar ta zauna da danshi, amma kada ta jiƙe sharkaf. Cikin mako 6 zuwa 8 zai yi saiwa. Kafa biyar ko shida, gama ba duka za su kama ba. Kada ka riƙa tumɓuke shi don ka duba, sabon toho shi zai ba ka labari.

Sai wurin dashe. Littattafan Turawa sun ce a ba wardi rana tun safe har yamma. Wannan don ƙasarsu ne. A nan, rana ta safe yake so, kamar awa 5 ko 6, sa'an nan inuwa daga azahar. Gabashin ɗaki ya fi ko'ina. Amma ja da shi kamar mita ɗaya daga bango, kada ruwan indararo ya tone shi, kada kuma zafin siminti ya gasa shi. Nisanta shi da gindin mangwaro ko dogon yaro, domin saiwoyinsu za su shanye masa ruwa.

Rami shi ne rabin aikin. Ƙasarmu a wurare da yawa ja ce mai marmara da tsakuwa, ruwa ba ya zama a cikinta. Tona santimita 60 zurfi, 60 faɗi. Haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki bokiti biyu, wanda ya shekara har ya koma baƙi, ba ya wari. Ɗanyen kashin shanu yana ƙone saiwa, yana kuma kiran gara. Toka kuwa, tafin hannu ɗaya ya isa. In ta yi yawa ganye zai koma rawaya. Dasa cikin Agusta da yamma, don saiwa ta sami sauran damina ta nutsa ƙasa. Wanda aka dasa a Disamba ba ya samun wannan dama, shi ya sa bazara take tarar da shi da gajerun saiwoyi. In an kawo maka tsaraba da rani, bar shi cikin babbar leda ko tsohon bokiti a inuwa, kana ba shi ruwa, har damina ta faɗi. Kuma kafin ka dasa, yi shinge. Akuya ba ta tsoron ƙayar wardi ko kaɗan.

Yanzu ga maganar da takan kawo gardama a gida, watau ruwa. Da bazara, sa'ad da rijiya ta ja baya, yara suna bin layi da jarka tun asuba, in maigida ya ce, "Fure dai ba a cinsa," yana da gaskiyarsa. Bai kamata kwalliyar tsakar gida ta zama wahalar yara ba. Don haka kada a dasa abin da ya fi ƙarfin gida. Gindi biyu masu lafiya sun fi goma masu neman mutuwa. Gindi ɗaya yana bukatar bokiti guda sau biyu a mako da hunturu, da bazara kuwa kwana ɗaya bisa ɗaya. Ruwan wankin shinkafa da na ganyen miya duk suna yi, amma ban da mai gishiri ko mai omo. Ga wata dabara kuma: sami tulun ƙasa, ka binne shi har wuya kusa da gindin, ka cika, ka rufe bakinsa saboda sauro. Ruwan zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take, rana ba ta sha ba. Sa'an nan rufe ƙasar da buntun shinkafa ko ganyen dogon yaro, amma bar tazarar yatsa huɗu daga jikin itacen.

Gara takan fi kama shukar da ƙishi ya riga ya raunana. Duba gindin kowane mako. In ka ga ta fara gina hanyarta ta laka a jikin itacen, kankare, ka zuba ruwa sosai, ka barbaɗa dakakkun 'ya'yan dogon yaro. Ƙananan ƙwarin nan masu tsotso, irin darɓar da ke kama wake, sukan taru a kan sabon toho. Ruwa da ɗan sabulun wanka kaɗan yana korarsu. Cikin Agusta da Satumba kuma za ka ga baƙin ɗigo a ganye, ganyen ya yi rawaya ya kaɗe. Funfuna ce, danshi take so. Tsince ganyen da ya kamu har da na ƙasa, ka ƙone, ka riƙa zuba ruwa a gindi, ba a kan ganye ba. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka yi amfani da injin feshin da aka zuba wa maganin ciyawa. Ko an ɗauraye shi, ragowar tana iya nakasa wardi.

Saura aski. Mutane da yawa suna jin tausayin yanke reshe, alhali wardi a kan sabon reshe yake fure. Da zarar fure ya yanƙwane, bi reshen ƙasa har ganye na farko mai 'ya'ya biyar, ka yanke a karkace bisa idon da ke duban waje. Babban aski kuwa sau ɗaya ne a shekara, a makon farko na Nuwamba. Da wuƙa mai kaifi cire matattun rassa, da sirara, da masu gogar juna, ka rage kashi ɗaya cikin uku na tsawon sauran. Ƙara taki, da takin zamani na NPK cikin kwalin ashana ɗaya, nesa kaɗan da gindi, ka bi da ruwa. Bayan mako 6 ko 7 fure zai buɗe, watau daidai Kirsimeti. Sanyin daren hunturu shi ne abin da ya fi kama da ƙasarsa ta asali, don haka furen lokacin ya fi na kowane wata girma da ƙanshi. Da bazara kuwa kada ka yi aski, kada ka sa takin zamani. Bar masa ganyensa ya yi wa kansa laima, ko da bai yi fure ba. In ya kai ruwan farko da rai, ka ci nasara.

In kuwa gidanku ba shi da ruwan da za a raba, ba abin kunya ba ne. Dasa kariya, wadda Turawa suke kira wardin hamada ko da yake ba danginsa ba ce. Da rani take fure, ba ta damu da ƙishi ba. Sai dai ruwan jikinta dafi ne, a hana yara wasa da ita.

To, masu karatu, aikin wannan wata ba wuya: zaga unguwa, ka ga gidan da wardinsa ya tsufa, ka gaida masu gida, ka nemi alkawarin reshe idan damina ta zauna. Kafin nan, tara taki a bayan gida ya ruɓe. Sai mun sadu a wata mai zuwa.